Jan Fure a Ƙirji, Waya a Aljihu

Mutumin da ya yi mini hanyar zuwa Ingila ya ce zai tare ni a filin jirgi da kansa. Bai zo ba. Na zauna a kan akwatina wajen awa biyar, ina kallon masu riƙe da kwalaye ɗauke da sunayen baƙinsu, ina karanta kowane kwali kamar za a yi kuskure a rubuta Nafi'u. Abu ɗaya ne ya yi mini daɗi a zaman nan. Agogon bangon wurin ya yi daidai da na hannuna, wanda na saita tun a Sabon Birni. Har na aika wa wana Lauwali saƙo cewa na sauka lafiya, nisa ne kawai, amma agogonmu ɗaya da nasu. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta san ta faɗi ba.

Daga baya saƙo ya shigo da adireshi, ba gaisuwa ba ban haƙuri. Na hau bas zuwa wani gari a arewacin ƙasar. Asibitin da aka ce zan yi aiki ashe wani ofis ne a saman shagon aski, ƙofarsa a kulle, wasiƙu sun taru a ƙarƙashinta. Takarduna na gaskiya ne, aikin ne babu. Ni da na yi shekara tara ina allura da wankin ciwo a ƙaramin asibiti a Isa, har ana ce mini likita a kasuwa ina amsawa, sai ga ni a ɗaki ɗaya da mutum biyar da aka yi wa irin abin da aka yi mini, muna karɓa-karɓar katifa.

Makon farko na yi fushi. Na biyu na yi kuka a banɗaki, ina sakin famfo don kada a ji. Daga na uku ban ƙara jin komai ba. Wani abu ya kwanta a cikina, irin yadda ƙafa take yi in an daɗe ana zaune a kanta. Ina ci, ina salla, ina fita neman aiki, ina dawowa. In Lauwali ya kira in ce lafiya lau, kuma ba ƙarya nake yi ba, don babu inda yake yi mini ciwo.

A shagon wani Bafakistane mai sayar da naman halal Allah ya haɗa ni da Anti Mariya. Ina juya wata ledar gero ina magana ni kaɗai, ina cewa wannan ko kaji ba za su kalle shi ba a garinmu, sai na ji an kwashe da dariya a bayana.

"Kai ɗan wane gari ne, kana zagin geron mutane?"

'Yar zangon Kumasi ce, ta kusa shekara sittin, ta yi ashirin a ƙasar. Hausarta ba ta damu da namiji ko mace ba, amma a ranar ta fi mini kiɗan kowane makaɗi. Ta saurari labarina a tsaye, ba ta ce wayyo ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Ka iya wanke tsoho? Ka iya ɗauke kashi ba ka ɓata fuska ba?" Na ce na iya. Ta kai ni gidan kula da tsofaffi inda take aiki, ta tsaya a kan manajar har aka mayar da takarduna wurinsu. Daga nan zamana a ƙasar ya ɗauru da wannan gida. In na bar aikin, na bar ƙasar.

Aikin ya dace da mutum irina na lokacin. A tashi tsoho, a wanke shi, a sa masa kaya, a ba shi abinci a baki, a rubuta a takarda. Cikin waɗanda aka ba ni akwai Mista Denis, ɗan shekara casa'in da ɗoriya, tsohon soja, dogo, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa sai a keke. Bai taɓa iya faɗin sunana ba, kuma bai taɓa daina gwadawa ba. Kullum sai ya sa na goge masa takalmin da ba ya taka ƙasa da shi.

Ina wata na uku aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Wata rana na kira Lauwali, layin bai shiga ba, kuma bai ƙara shiga ba. Hanya ɗaya ta rage, wani direba, Ɗan Iro, da yake ɗaukar kaya daga Sakkwato zuwa Sabon Birni in hanya ta yi sauƙi. In ya shigo Sakkwato sai ya kira ni ya ba ni labarin gida, in ba shi nawa ya kai. A bakinsa na ji cewa mutane suna fita bayan gari ta wajen iyaka, su hau wani tudu da layin Nijar su yi waya, su sauko da sauri. A bakinsa kuma na ji cewa Baba ba ya fita masallaci, a zaune yake salla. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na koma na ci gaba da ninke zannuwan gado.

Da ganyen itatuwa ya fara zuba, sai na soma ganin wani jan fure na takarda a ƙirjin mutane. Mai karanta labarai a talabijin, direban bas, manajarmu. Anti Mariya ta ce fofi suke ce masa, na tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi ne, abin da aka tara kuma a taimaki tsofaffin soja da iyalansu. Ban ce mata na san shi ba. Na san shi sarai.

Babana Saje Mamman ya yi yaƙin basasa, ya dawo da harsashi a cinya da wata koriyar hula da ta koɗe. Duk watan Janairu, in lokacin tunawa da 'yan mazan jiya ya zo, shi da sauran tsofaffin soja sukan fito da gwangwani da kwalin irin wannan jan fure, su bi sakatariya da kasuwanni, daga Sabon Birni har Isa. Wani ya jefa musu abin da ya samu, wani ya ce Allah ya ba da haƙuri kamar yadda ake sallamar mai bara. Abin da suka samu su sayi gero su kai wa matan abokansu da ba su dawo ba, ɗaya a Kamarawa, biyu a Turba. Na san wannan tun ina yaro, kada wani ya ce rashin sani ne.

Shekara shida kafin tafiyata, ranar kasuwar Isa, ina tsaye a bakin wani kemis da abokan aikina, sai ga su sun ɓullo su uku, Baba a gaba yana ɗingishi yana kaɗa gwangwani. Ɗaya daga cikin abokan ya taɓa ni ya ce, "Likita, ga Saje can ya hito bara da kaki." Aka yi dariya. Na juya baya na shige cikin kemis kamar ina neman wani magani. Baba ya gan ni, na san ya gan ni, don ya wuce shagon bai tsaya ba, alhali ya tsaya a na kusa da shi.

Da na je gida ƙarshen makon, bayan la'asar, na same shi a zaure yana tufka igiya. Na ce, "Baba, don Allah ka bar wanga yawo da gwangwani. Bara ta, ko an sa mata hula. Kunya kaka ba mu."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "To, na jiya."

Shi ke nan. Shekarar da ta biyo bai fita ba, bai ƙara fita ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Magana zarar bunu ce, ni ma na bar ta a inda ta faɗi. Ranar da zan taho na durƙusa na ce a yafe mini, irin wadda kowane matafiyi yake faɗa. Ya ce Allah ya yafe mu baki ɗaya, ya sa mini albarka. Amma ni da shi mun san akwai wadda ban ambata ba.

Wata Asabar na je babban kanti sayen shinkafa. A bakin ƙofa ga wani tsoho da hular soja da lambobin yabo a ƙirji, ya rataya faranti cike da jan fure, gwangwani a hannunsa. Na tsaya daga gefe ina kallo. Wata mata mai tsadadden kwat ta tsaya, ta jefa, ta riƙe hannunsa da hannu biyu tana yi masa godiya. Wani ƙato da aka yi wa zane a fatar wuya ya cire abin jin kiɗan da ya toshe kunnensa da shi kafin ya yi masa magana. Babu wanda ya shige kanti ya ɓuya. Ban san lokacin da na matsa na jefa tsabar da ke aljihuna ba. Ya maƙala mini furen da kansa, ya tambaye ni ko akwai wani nawa da ya yi soja.

Na ce, "Babana."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu ya sara mini, ya ce in gaishe shi.

Ban sayi shinkafar ba. Na zauna a wurin jiran bas, bas uku suka wuce ni. A karo na farko cikin watanni na ji wani abu, kuma kunya ce, mai zafi, irin wadda ya kamata in ji shekara shida da suka wuce. Na ƙudura cewa sai na roƙi Baba gafarar wannan magana, da sunanta, in ji ya ce na yafe maka da bakinsa, tun yana da rai.

Da Ɗan Iro ya kira, na ce ya gaya wa Lauwali ina son magana da Baba, shi kansa, ko ta minti ɗaya ce. Ban faɗi dalili ba. A ganina baki da baki aka yi ta, baki da baki za a warware ta, kuma ba na son maganar gidanmu ta kwana a tashar mota. Ɗan Iro ya ce, "Tsohon hwa ba shi da ƙarhi, kuma tudun nan ba wurin zama ba na." Na ce a dai gwada. Na ce a kira ƙarfe goma sha biyu na rana, lokacin hutuna ke nan, wayata tana hannuna. Bayan mako biyu ya dawo da amsa. Lauwali ya ce sai Baba ya ɗan ji dama, an sa rana, sha ɗaya ga watan Nuwamba, sha biyu daidai.

Tsakanin wannan amsa da ranar, wata Lahadi a ƙarshen Oktoba, Turawa suka mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk shekara in sanyi ya shigo. Ban taɓa jin ana taɓa agogon ƙasa ba. Wayata ta gyara kanta ba ta yi shawara da ni ba. Agogon hannuna kuwa tuni yana cikin akwati, don ba a barin mu ɗaura komai a hannu wurin aiki. Na dai ji abokan aiki suna murnar ƙarin barci, na ga duhu yana saurin shigowa, na ce wani sabon iyayin Turawa ne. Ko kusa ban kawo cewa sha biyun gida ta koma sha ɗayan nan ba.

Ranar na tashi da wuri, na yi wanka, na sa turare kamar Baba zai ji ƙamshin. Na yi ta maimaita abin da zan ce a cikin bas. Doka ta hana mu yawo da waya a bakin aiki, amma na sa tawa a aljihun wando, na kashe ƙararta.

A wannan rana, ƙarfe goma sha ɗaya daidai, duk ƙasar takan yi shiru na minti biyu don matattun sojoji. Tun goma da rabi muka tara tsofaffi a falo gaban talabijin, kowa da furensa. Ni ma nawa yana ƙirji. Mista Denis ya sa kwat da lambobinsa, takalmi yana sheƙi. Saura minti kaɗan ya jawo rigata ya ce shi ba zai yi wa abokansa shiru a zaune ba, tsaye zai yi. Manaja ta ce a'a. Ya ce to ta kira 'yan sanda. Ta dube ni ta ce in zan iya riƙe shi. Na zura hannu ɗaya a ƙarƙashin hammatarsa, ɗayan na damƙe bel ɗinsa ta baya, na ɗaga shi. Duk nauyinsa yana kaina, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa ne kawai don mutunci.

Babban agogo ya buga a talabijin. Falon ya yi tsit. A nan na ji wayar tana rawa a cinyata.

Na ce a raina masu tallar banza ne, ai da saura awa guda. Ta tsaya, ta sake. A karo na biyu jikina ya ba ni. Babu mai kirana a jere haka a ƙasar nan. Na dubi hannuwana, duka biyu suna riƙe da mutum. In na saki ɗaya, Mista Denis zai zube a kan tayil, kuma na san abin da faɗuwa take yi wa ƙugun ɗan shekara casa'in. Na dubi Anti Mariya, tana can ƙarshen falo, idonta a rufe. Mutum talatin a ɗaki, ko tari babu mai yi. Mista Denis kuwa hawaye yana bin kumatunsa, haɓarsa a sama. Wayar ta tsaya, ta sake, ta tsaya, ta sake. Ina jin ta har cikin ƙashina. Ban motsa ba, ban kuma yi magana ba. Ban san minti biyu yana da tsawo haka ba.

Da aka busa ƙaho na zaunar da shi, na gyara masa ƙafafu a kan keken, na fita da sauri zuwa ɗakin wanki. Kira huɗu, lambar Nijar. Na bi. Muryar matar kamfanin waya ta yi mini bayani da Faransanci. Na sake bi, ita ce dai. Na yi ta bi har manaja ta leƙo.

Duk da haka ban gane ba. Na ce ƙila gwaji suka yi. Sha biyu ta yi na zauna a ɗakin hutu, na ajiye waya a kan tebur na zuba mata ido. Anti Mariya ta shigo da kwanon abincinta, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ajiye cokali.

"Yaushe kun yi alkawarin? Kafin agogo ya canja, ko baya?"

Na ce wane agogo?

Ta ɗauki wayata, ta nemo agogon Najeriya, ta juyo mini da shi. Ƙarfe ɗaya da minti goma.

Tun daga ranar waya ba ta ƙara barin aljihuna ba, doka ko ba doka. Kwana tara bayan nan Ɗan Iro ya kira daga Sakkwato. Ya yi doguwar gaisuwa, irin wadda in ka ji ta ka san sauran. Baba ya rasu shekaranjiya da hantsi, an rufe shi kafin azahar. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na yi masa godiya. Ina tsakiyar raba shayin safe ne, na ƙarasa rabawa. Manaja ta ce in tafi gida in huta kwana uku. Na ce wane gida, na zauna na gama aikina. Anti Mariya ce ta yi kukan, ta kuma dafa tuwo ta kai masallaci sadaka da sunan mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Sai bayan sadakar arba'in Lauwali ya samu fitowa Sakkwato ya kira ni. Lokacin abincin rana ne, ina ba Mista Denis a baki. Na nemi izini na fita baranda. Muka yi wa juna gaisuwa, sannan na ce ya gaya mini yadda aka yi ranar.

Ya ce, "Bisa babur munka ɗauke shi, shi tsakiya ni baya, na ɗaure mu da rawani don kar shi hwaɗi. Tun sha ɗaya da rabi muna bisa tudun, sabis tangaran. Nic ce in kira, yac ce a'a. Yac ce yaro ya ce sha biyu, wurin aiki yake, ba a shiga lokacin mutane. Munka zauna cikin rana yana duban agogo."

Sha ɗaya da rabi ta gida, goma da rabi ke nan a nan. A lokacin ina jera kujeru a falo, hannuna babu komai.

"Sha biyu na bugawa nik kira. Sau huɗu. Sai ga wani a guje, wai an ga babura daga gabas. Kowa yak kama gabanai."

Na ce, "Mi yac ce?"

"Yac ce ƙila aiki ya riƙe ka, a ƙyale ka. Tun da munka dawo bai sake tashi ba." Sannan ya ce, "Nafi'u, wai mi kaka son hwaɗa mai haka, da ba ya aikuwa?"

Sai na gaya masa. Kasuwar Isa, kemis, zaure, igiya, duka. Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina, kuma ta fita ne a sauƙaƙe, ko minti ɗaya ba ta ci ba.

Ina jin hayaniyar tasha a bayan Lauwali.

"Ita ke nan maganar?"

Na ce ita ke nan.

"Ai da ka ba Ɗan Iro, da ta iso tun watan da kab biɗe ta. Ni da kaina sai in durƙusa in hwaɗa mai. Da ba mu hidda shi cikin rana ba."

Ya ce to, Allah shi jiƙan shi. Na ce amin. Na mayar da wayar aljihu na koma ciki na ɗauki cokali, don Mista Denis bai gama cin abincinsa ba.